Idon Idwal Mai Fentin Jirgi

Idwal Prydderch ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana yi wa kawunan jirgin ƙasa koren fenti a mahaƙar dutse ta Nant Helyg, a ƙasar Wales, alhali tun da aka haife shi bai taɓa ganin kore ba. Ba makaho ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Allura in ta faɗi ƙasa shi zai riga kowa tsinta. Shuɗi yana gani, rawaya yana gani, amma ja da kore, musamman in sun yi duhu, duk ɗaya ne a wurinsa, launin shayin da ya huce a kofi. Wannan shi ne sirrinsa, kuma duk rayuwarsa ba abin da yake tsoro kamar ranar da zai fito fili.

Shi kansa bai sani ba sai da ya zama saurayi ya sauka garin bakin teku neman aiki a babban jirgin ƙasa. Direba yake so ya zama. Likitan kamfani ya zube masa zaren ulu kala-kala a kan tebur ya ce ya ware kowane launi da danginsa. Idwal ya ware cikin sauri, har da ɗan murmushi, don a ganinsa wasan yara aka ba shi. Likita ya dubi tarin, ya dube shi, ya gaya masa a hankali cewa mutumin da ba ya raba jar fitila da koriya ba zai hau kan jirginsu ba. Ya dawo gida a ƙasa, ya ce wa ubansa babu gurbi. Uban ya kama hannunsa ya kai shi mahaƙa, kuma da yake abin dariya ba ya ƙarewa a duniyar nan, gurbin da aka samu kaɗai shi ne a rumfar fenti.

Da farko abin ya zo masa da sauƙi. Tsohon mai fentin wurin shi ke haɗa launi, Idwal sai ya goge, ya shafa, ya wanke burushi. Nan aka gano hannunsa. Kawunan jirgin mahaƙa ƙanana ne, a kan siririn layin dogo suke hawa da sauka, amma kwalliyarsu ta fi ta manya wahala. Jiki kore, kowane gefe a zagaye shi da baƙin layi, cikin baƙin a ja siririn rawaya, can ciki kuma wani ja mai sirantar zare, katakon gaba ja wur. Duk da hannu ake ja, da burushi mai dogon gashi, ba ma'auni ba komai. Idwal sai ya ɗauke numfashi, ya kafa ƙaramin yatsa a jikin ƙarfe, ya ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan ko karkacewa babu. Manya suna barin aikinsu su zo su tsaya kallo ta taga.

Budurwarsa Menna ce ta gano sirrinsa, tun suna zance. Ta aike shi lambun gidansu ya tsinko mata nunannen tumatir, ya dawo da kwano cike da ɗanye yana jin ya yi abin kirki. Ba ta ce komai a gaban iyayenta ba. Sai da ta rako shi bakin hanya ta tambaye shi wane launi ne mayafin wuyanta. Nan ya faɗa mata komai, har da zaren ulun likita, yana jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba, ta ce masa kawai gobe ya zo da wuri, akwai itacen da za a faskara.

Shekarar da suka yi aure tsohon mai fenti ya rasu, rumfa ta faɗo wa Idwal. Ya kasa cin abinci. Menna ce ta zauna ta tsara yadda za a yi, kuma da al'adun masu fenti kansu ta yi amfani. Dama mai fenti in zai fara aiki sai ya yayyafa wa daɓe ruwa don ƙura ta kwanta, ya kulle ƙofa, ko manaja bai isa ya shiga ba. Dama kuma in ya haɗa launi sai ya shafa kaɗan a fallen dutse ya jingine a waje bakin ƙofa, don fenti ba ya faɗin gaskiya sai ya bushe a hasken rana. To, Menna sai ta ɗauki kawo masa abincin rana da kanta. Ta hawo tudu da burodi da cuku da butar shayi, ta ɗan tsaya kamar mai gyara takalmi, ta dubi dutsen. In ya buɗe ƙofa ya miƙo hannu sai ta ce, ƙara baƙi, ko ta ce, rawaya ta yi yawa. Ranar da ta ce ya yi, to ya yi. Gwangwanin jan fenti kuwa duk ta ɗaure masa zare a marfi, haka burushinsa.

Ba da daɗewa ba aka fara maganar koren Nant Helyg. Baƙi masu zuwa kallon ƙananan jirage suka riƙa cewa babu irinsa a duk ƙasar Wales. Mutanen gari kuma in abu ya yi kyau sai su ce, sai ka ce idon Idwal. Duk sanda ya ji haka sai ya sunkuyar da kai, a ce kunya ce da shi, alhali tsoron tonuwar asiri ne.

Wanda ya fi tsoro shi ne Tegid Foulkes, direban Marged. Marged ita ce sarauniyar kawunan jirgin mahaƙa, gajeriya, mai dogon bututun hayaƙi da tulun tagulla a gadon baya, wanda Tegid ke gogewa fiye da yadda yake wanke fuskarsa. Shi kuwa Tegid bakinsa ba ya shiru. Babu wanda bai laƙaba wa suna ba a kwarin nan, daga fasto har mai sayar da madara. Mutum ya yi tuntuɓe da safe, kafin la'asar Tegid ya yi masa waƙa ana rerawa a bukkar cin abinci. Idwal kuma Angon Menna yake ce masa, har furfura ta fito musu duka. Kowa na zuwa da abincinsa a aljihu, in ji shi, sai ango ne ake kawo wa har ƙofa kamar jariri. Idwal yana murmushi, amma a ransa ya san ranar da wannan bakin ya ji labarin idonsa, to aiki ya tafi, suna ya tafi, kuma sai ya bar garin.

Sau ɗaya tak ya yi aikin ba Menna. Cikin 'yarsu ya zo mata da wahala, aka kai ta asibiti can bayan duwatsu, ta daɗe a kwance. Daidai lokacin aka turo Marged rumfa a sake mata fenti, don masu mahaƙa za su zo ziyara. Idwal ya haɗa launi yana zufa yana addu'a. Ya shafa a dutse ya jingine a waje, don kada a ga ya sauya hali, kullum ya ɗan ƙara wannan ya rage wancan a kan ƙiyasi, ya rufe gwangwani ya bar shi ya kwana. Da aka fito da Marged sai ga ta sak yadda aka saba, wasu ma suka ce ta fi. Wannan abu ya zauna masa a rai. Ya yarda cewa abin da idonsa ya kasa, hannunsa ya haddace. Da Menna ta dawo da jaririya ya ba ta labari yana rawar jiki, ta yi dariya ta ce, ashe wahalar banza take sha a tudun nan.

Sannan mahaƙa ta mutu, kamar yadda 'yan uwanta suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Aka sayar da jirage, wasu aka yanka su ƙarfe. Marged wani mai hali ya saya ya kai can Ingila ya ajiye a lambu, ruwa da rana suka cinye fentinta tas. Idwal ya koma shafa wa gidaje farar ƙasa da rubuta sunayen shaguna. 'Yarsu ta yi aure ta tafi nesa. Menna ba ta fasa kai masa abinci duk inda yake aiki ba, sai da ƙafa ta ƙi. Wani lokacin bazara ta kwanta ba ta tashi ba. Bayan an binne ta ya buɗe akwatinsa ya ga duk safarsa ta ɗinke su biyu-biyu da ɗan zare, don kada ya saɓa. Ya zauna bakin gado ya yi kuka kamar ransa zai fita.

Yana cikin wannan zaman kaɗaici 'yan sa-kai suka dawo da Marged gida. Matasa ne da 'yan fansho, sun gyara guntun dogon suna ɗaukar baƙi yawo. Sun yi shekaru suna gyaran tukunya da ƙafafu, da aka zo kan fenti kuwa sai gardama ta tashi. Kai, ban ga masu son rigima irin masoya tsohon jirgi ba. Mutum ne da gemunsa zai taso daga wata uwa duniya ya yi jijiyar wuya a kan koren da bai taɓa gani ba sai a hoto, hoton ma fari da baƙi. Wani ya ce koren ganyen kabeji ne, wani ya ce na kwalba ne, har biyu suka daina gaisawa. Shugabarsu, Nerys Bebb, malamar makaranta ce, 'yar mai fasa dutse, kuma ta gaji. Ta zo gidan Idwal ta zauna a kujerar Menna ta ce, Baba, kai ka haɗa koren nan, kai kaɗai ka san shi, ka taimake mu ka raba gardama.

Kamata ya yi ya ce hannunsa na rawa. Da ya ce haka, da shi ke nan, ya mutu da sunansa. Amma hannun ba ya rawa, gidan ya yi masa shiru da yawa, kuma ga wancan karo ɗaya da ya yi shi kaɗai yana ta yi masa raɗa a kunne. Ya ce zai yi a tsohuwar rumfarsa, amma bisa ƙa'idar da: a yayyafa ruwa, a kulle ƙofa, ba mai leƙe sai ya gama gefe guda. Nerys ta yarda da murna, aka sa ranar Asabar kowa ya zo ya gani.

Abin da bai lissafa ba shi ne halin 'yan sa-kai. Mutane ne da ba sa zubar da komai. Fenti in ya ragu sai a juye a kowane gwangwani ya samu. An gama yi wa taragun fasinja ja mai duhu, marfin gwangwaninsa ya lanƙwashe, wani ya juye ragowar a babban gwangwanin da aka rubuta wa kore, ya ajiye a gaba a kan kanta. Su duk wanda ya buɗe zai gani da ido, me za a rubuta? Idwal ya karanta rubutun, ya buɗe, ya shinshina, ya motsa da sanda. Kamfani ɗaya, ƙamshi ɗaya, kauri ɗaya. Ya zuba baƙi, ya ɗiga rawaya, hannunsa na tafiya da kansa kamar jiya ya bari. Ya shafa a fallen dutse, ya buɗe ƙofa ya jingine a waje. Sai da ya miƙe ya tuna ba mai zuwa dubawa, amma ya bar shi a wurin.

Kwanakin nan ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Ya shafa, ya bari ya bushe, ya goge, ya sake shafawa, har gefen Marged ya ɗauki sheƙi yana ganin fuskarsa a ciki. Ya ja baƙin layi, ya ja rawaya. Da rana ya zauna a kan akwati ya ci burodin da ya yanka wa kansa. Jajibirin Asabar, yana tsakiyar jan layi, ya ji takun sanda a kan tsakuwa. Takun ya zo bakin ƙofa ya tsaya, ya daɗe a tsaye, sannan aka ƙwanƙwasa.

Ya ce ba a shiga. Muryar Tegid ce ta amsa. Tegid da gwiwoyinsa suka ƙi, wanda rabonsa da fitowa daga gida tun jana'izar Menna. Idwal ya ce masa ya koma ya dawo gobe tare da kowa, ƙura zai shigo masa da ita. Ya saurara ya ji da wane suna za a tsokane shi yau. Ba a tsokane shi ba.

"Idwal," in ji Tegid daga bayan ƙofa. "Ja ne."

Burushi ya tsaya a hannunsa. Ya dubi gefen Marged, launin nan dai da ya sani duk rayuwarsa, ba abin da ya sauya. Ya ajiye burushin, ya je ya zare sakata. Tegid na tsaye ya dogara da sanda, fallen dutsen a ɗaya hannun, ya ƙi haɗa ido da shi. Ya shigo ya mayar da ƙofa ya kulle da kansa, ya samu wuri ya zauna yana haki.

Idwal ya so ya ce gwaji ne, ya so ya ce fentin ƙasa ne kafin a ɗora kore. Amma wa ke jan layin ado a kan fentin ƙasa? Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Can ya ce, "To ga waƙa ka samu. Je ka rera."

"Wace waƙa, tsoho? Waƙar da na haɗiye tun kafin a haifi 'yarka?"

Sai Tegid ya ba shi labari, yana kallon daɓe. Ranar da za a tafi da Menna asibiti ta aika aka kira shi. Ta ce masa ta san duk kwarin nan ba wanda ya kai shi surutu, shi ya sa ta zaɓe shi, don in bakinsa ya rufu na kowa ya rufu. Ta faɗa masa komai. Kullum da yamma in Idwal ya tafi gida, Tegid sai ya ɗauki dutsen bakin ƙofa ya naɗe a tsumma, ya hau keke ya haye duwatsu. Menna ta sa a matso da gadonta kusa da taga ta duba, ta ce a ƙara kaza. Ya dawo ya mayar da dutsen, da sassafe kuma ya buɗe rumfa da makullin mai gadi ya gyara gwangwanin kafin Idwal ya iso.

Idwal ya zauna a kan akwati. Abu ɗaya da yake taƙama nasa ne shi kaɗai, ashe shi ma nata ne. Ya ji zafin abin sosai, kuma a cikin zafin ya ji kamar ta shigo rumfar. Ya tambaya, ban da kai da mai gadi, sai wa ya sani?

"Sai duk mai cin abinci a bukka. Wa kake tsammani ya riƙa riƙe mini aiki in na makara? Yaran yanzu ne ba su sani ba, don ba mu gaya musu ba." Tegid ya ɗago ya dube shi karo na farko. "Kai ma dai. Duk zamanka a garin nan, ka taɓa jin wani ya nuna maka abu ya ce, Idwal, wane launi ne wannan?"

Ya tuna baya, ya bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. Ba a taɓa ba. Mai fentin gari guda, amma ko zaɓen labulen coci ba a taɓa kiransa ba, shi kuwa ya ɗauka sa'a ce yake ta yi.

Can Tegid ya ce to Angon Menna, zama za a yi ko aiki? Ya aika wa Nerys cewa danshi ya hana fenti bushewa, a ɗaga Asabar, kuma duk wanda ya leƙo zai sha sanda. Shi ya bi kanta yana buɗe gwangwanaye har ya samo koren gaskiya a can baya, ya ciro igiyar takalminsa ya ɗaure a marfin jan. Tsofaffi biyu suka kama takardar yashi suka goge aikin kwanaki, layukan nan masu kyau duk suka bi ƙura. Tegid na yi yana mita, wai shi direba ne ba lebura ba.

Da aka zo haɗa launi, Idwal ya shafa a sabon dutse. Ya nufi ƙofa zai jingine, sai ya tsaya, ya juyo ya miƙa wa Tegid a hannu. Tegid ya fita hasken rana ya jira ya bushe, ya dawo ya ce ƙara baƙi. Aka ƙara. Ya sake fita, ya ce rawaya ta yi yawa. Idwal ya ce anya ba zato yake yi ba, shekaru nawa rabonsa da ganin launin nan? In ana so a dace ai sai a nemi yadda masu mahaƙa suka tsara tun asali.

Tegid ya yi tsaki. "Wane asali? Koren tsohon maigidanka fari-fari ne, mara daɗin gani, ni na tuƙa Marged da shi na sani. Daga shekarar da ka karɓi rumfa ya fara duhu yana kyau. Ba masu mahaƙa suka tsara ba, ba kai ba. Wanda ya yi mata daɗi shi take ce maka ya yi. Duk gardamar da masu gemun nan ke yi, a kan son ran matarka suke yi."

Idwal ya ɗiga baƙi kaɗan, ya motsa, ya shafa, ya miƙa. Tegid ya ɗingisa ya fita. Wannan karon ya daɗe bai dawo ba, har Idwal ya bi shi waje. Ya same shi tsaye a rana, daidai inda Menna take tsayawa a da tana gyara takalmi, ya ƙura wa dutsen ido, bakin nan da ba ya shiru ya kasa motsi.

"Ya yi?" in ji Idwal.

Tegid ya miƙo masa dutsen. "Ita ce. Korenta ne sak."

Idwal ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi a hasken rana ya duba da kyau, ya ga launin shayin da ya huce, kamar kullum. Ya goge gefen dutsen da hannun riga ya sa a aljihun ƙirji, ya koma ciki ya yayyafa wa daɓe ruwa. Ƙofar kuwa bai kulle ba.